IDO BA MUDU BA NE: Tarihin Ƙiyasin Yawan Jama'a a Birnin Zazzau

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Shi kaɗai Ya san adadin bayinSa, na fili da na ɓoye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya shigo Kusfa a ranar taro irin wannan zai tarar lunguna sun toshe, zaurukan malamai sun cika sun batse, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, motocin baƙi kuwa sai dai a ajiye su nesa a ƙarasa da ƙafa. Idan aka watse, kowa zai koma gida da adadi a bakinsa. Wani ya ce an kai dubu ɗari, wani ya ce ai an haura miliyan, wanda taron bai yi wa daɗi ba kuma ya ce 'yan tsiraru ne aka yi ta zagayawa da su. Dukkansu wuri guda suka kalla, a yini guda, kuma babu wanda ya ƙirga a cikinsu. Bayan kwana uku, idan baƙi sun koma garuruwansu, mai wucewa ta lungun zai ga 'yan almajirai da allunansu da tsofaffi a gindin bango, ya ce ashe babu kowa a nan.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne tsagwaronta. Rabi na biyu kuwa tarihin birnin nan ya sha ƙaryata shi a kan yawan mutane, domin ido yakan auna abin da ya fi kusa da shi, da abin da ya fi ƙara, da abin da mai idon yake tsoro ko yake so. Manufar wannan taƙaitaccen rubutu ita ce mu bi sawun wannan al'amari a tarihin Zazzau da maƙwabtanta, mu ga abin da ya jawo wa magabata, domin kuskuren ƙiyasi ya taɓa cin sarauta, ya taɓa cin gari, ya kuma raba maƙwabci da maƙwabci.

Baƙo da ganuwa

Tun kafin a san ƙidaya a ƙasar nan, matafiya sun riƙa ƙiyasta mutanen biranen Hausa. A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka Kano, ya ce mazaunanta za su kai tsakanin 30,000 da 40,000. A tafiyarsa ta biyu, cikin 1826, zamanin Sarkin Zazzau Yamusa, ya biyo ta Zariya, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 40,000 da 50,000, wato a wurinsa Zariya ta ɗara Kano. Amma shi da kansa ya bayyana cewa cikin ganuwar akwai gonaki da fadamu da dogayen itatuwa, gidaje kuwa a warwatse suke kamar ƙauyuka a cikin bango guda. Ganuwar Zazzau tana da kewayen da ya kai kilomita 14 zuwa 16, kuma ba don gidaje kaɗai aka yi ta ba. An yi ta ne yadda idan yaƙi ya zo mutanen karkara za su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ciki har a ga bayan abokan gaba. Saboda haka wanda ya auna mutanen gari da faɗin ganuwarsa ya ƙirga har da dawa da rimaye.

Wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya gane wannan tarko a Katsina cikin 1851. Ya ga ganuwa mai girman da za ta ɗauki jama'a masu ɗimbin yawa, amma da ya zagaya ciki sai ya ce mazaunan ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. A Kano kuwa ya ce mazauna na dindindin kimanin 30,000 ne, sai dai a watannin rani, lokacin da ayarori ke sauka, adadin yakan kai 60,000. Ka ga ke nan gari guda yana da adadi biyu, na damina da na rani, kuma baƙon da ya zo da rani zai tafi da labarin da ya ninka na wanda ya zo da damina.

Akwai wani abin lura kuma. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da Fulani masu yawa a Zariya, har da waɗanda suka fito daga Futa Toro da Bundu can ƙasar Senegal. Babu shakka ya gan su, domin a lokacin shekara 18 ke nan kacal da Malam Musa ya shigo da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya ƙara masa yarda) wajejen 1808, Sarki Makau ya fita zuwa Zuba. Sai dai baƙon sarki a kusa da fada ake saukar da shi, masu kai masa gaisuwa da masu raka shi duk mutanen fada ne. Masaƙa da marina da maƙera da manoma, waɗanda su ne cikon gari, ba su da dalilin zuwa masaukinsa. A Kano, inda Barth ya yi ƙoƙarin rarrabewa, ya sa Fulani kimanin 4,000 ne a cikin 30,000. Masu mulki sukan cika idon baƙo fiye da adadinsu, domin su ne a kan dawakai.

Lokacin da tsoro ya riƙe mudu

Ɗarikar Tijjaniyya ta daɗe a Zazzau. Alhaji Umaru Futi (Allah Ya ƙara masa yarda), a hanyarsa ta komowa daga aikin Hajji, ya zauna a Sakkwato shekaru da dama cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma tun daga wannan zamani aka sami malamai a ƙasar Hausa da suka karɓi wuridi. A Zariya ɗarikar ta zauna a gidajen ilimi, irin gidan Malam Umaru Wali, da kuma gidan sarautar Mallawa. Amma a wancan lokaci al'amari ne na malami da almajiransa. Mutum yakan yi lazimi a ɗakinsa bayan asuba da bayan la'asar, carbinsa a aljihu, sallarsa ba ta bambanta da ta maƙwabcinsa ba. Wanda ya ratsa kasuwa ba zai iya nuna ko mutum ɗaya ya ce wannan ɗan ɗarika ne ba. Idan da za a tambayi talakan gari a wancan zamani, da cewa zai yi ƙalilan ne, alhali Allah kaɗai Ya san yawansu.

Wannan ɓoyuwa ita ce ta dami Nasara bayan sun ci ƙasa. Sun shiga Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, a 1903 aka naɗa Aliyu ɗan Sidi, jikan Malam Musa, malami, mawallafin waƙoƙi, kuma Batijjane. A shekarar ne kuma suka ga yadda dubban mutane suka bar gidajensu suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, har aka yi yaƙin Burmi, kuma a cikin masu hijirar akwai Tijjanawan Futa da Faransawa suka koro daga Segu. Sai ga al'amarin Satiru a watan Fabrairu na 1906. Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, mutanensa talakawa ne da bayin da suka gudo, makamansu mafi yawa fartanya da gatari da baka. Suka yi wa wata 'yar rundunar Nasara ba-zata, suka kashe Turawa uku da sojoji kimanin 25. A watan Maris aka komo musu da bindigogi masu ruwan harsashi, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka shafe garin.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga Satiru, duk taron zikiri da duk sharifin da ya ratso hamada sai ya zama abin bincike. Turawan mulki ba su kai cikin cokali ba a tsakiyar miliyoyin mutane, ba sa jin abin da ake faɗi a zaure, don haka abin da ba su gani ba sai suka cike gurbinsa da zato. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu bisa zargin shirya tawayen Mahadiyya, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru, ya yi shekaru a tsare. Aka tura jami'ai har Sudan da Masar da Hijaz su bi diddigin alhazai da 'yan ɗarika, rahotonsu ya fito a 1927. Shi kuwa Sarki Aliyu an sauke shi a 1920, aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. Tuhumar da aka rubuta a takarda ta shafi yadda yake tafiyar da mulki, amma masana tarihi sun nuna cewa rashin yarda da shi, da zargin alaƙarsa da 'yan'uwansa na ɗarika a wasu ƙasashe, suna daga cikin abin da ya ɓata tsakaninsa da su. Babban tawayen da suka yi ta jira daga zawiyoyi bai taɓa zuwa ba. Rundunar da suka ƙirga a cikin zukatansu take.

Lokacin da jama'a ta fito fili

Al'amari ya juya daga tsakiyar ƙarni na 20. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (Allah Ya ƙara masa yarda) a aikin Hajjin 1937, daga baya Shehu ya ziyarci Kano, kuma daga farkon shekarun 1950 Faila ta bazu a Kano da Zariya da Katsina da Gusau, ta shiga cikin 'yan kasuwa da masu sana'a da matasa. Abin da ya shafi maganarmu a nan shi ne alamomin da ta zo da su. Wazifa ta zama ta jam'i da murya a ɗage, da farin ƙyalle a tsakiyar da'ira. Zikirin Juma'a bayan la'asar ya zama abin da ake jiyowa daga unguwa zuwa unguwa. Sannan ga ƙabalu. Mutanen ƙasar nan sun saba da sadalu, to da almajiran Shehu suka fara ɗora hannu a ƙirji, sai ya zama mutum yana iya tsayawa a bayan sahu ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A cikin masallacin da mutum ɗari ke salla, mutum goma masu ƙabalu sun fi sauran casa'in ɗin shiga ido.

Babu musu jama'a ta ƙaru ƙwarai a waɗannan shekaru. Amma ganinta ya fi ƙaruwarta sauri, har wasu masu iko suka firgita. A lardin Sakkwato an rushe wasu masallatan Tijjanawa a 1949, an kuma yi tashe-tashen hankula a 1956 da 1965, har aka rasa rayuka. Haka nan Ƙadiriyya, wadda ita ce ɗarikar Shehu Usmanu, ta daɗe a zukatan mutane ba tare da wata alama a titi ba, sai da Shehu Nasiru Kabara (Allah Ya jiƙansa) ya rayar da bandiri ya kuma kafa maukibi a Kano cikin shekarun 1950, sannan masu cewa ta yi rauni suka ga tutoci sun cika hanya.

Bayan haka sai zamanin na'ura ya zo. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi (Allah Ya jiƙansa) a gidan rediyon Kaduna ya shiga kowane gida, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, aka shiga zamanin kaset da wa'azin ƙasa da lasifika a kan kowace hasumiya. Lasifika kuwa ba ta faɗin yawan waɗanda ke zaune a gabanta. Mutum bakwai da amsa-kuwwa mai ƙarfi sun fi mutum ɗari bakwai marasa ita cika unguwa, kuma kowane ɓangare ya yi amfani da ita. Alamar ƙabalu ma ta daina aiki, domin tsofaffin Tijjanawa da yawa ba su bar sadalu ba, waɗanda ba sa ɗarika kuma suka rungumi ƙabalu. Daga nan aka shiga halin da kowace jama'a ke ganin ita ce mafi rinjaye ranar taronta, ta kuma ga an cinye ta ranar taron wasu. Da yawa daga rigingimun limanci da na filin idi da aka sha fama da su a garuruwan Arewa, tushensu wannan lissafi ne da ba a taɓa yi da alƙalami ba.

Zariya nawa ce?

Wani abin da ke rikita ƙiyasi shi ne yadda aka tsara garin kansa. Da jirgin ƙasa ya iso wajejen 1911, Nasara suka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, Tudun Wada domin baƙi 'yan Arewa, su kuma suka zauna a unguwarsu daban, aka bar Birni ga 'yan gari. Samaru ta tashi da gonar gwaji, ta bunƙasa da kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sakamakon haka, ɗalibin da ya yi shekara huɗu a Samaru yana iya komawa garinsu ya rantse cewa Zariya garin 'yan boko ne mai kowace ƙabila, alhali bai taɓa shiga ta Ƙofar Doka ba. Almajirin da ya yi shekara goma tsakanin Kusfa da Kona da Juma shi ma zai rantse cewa Zariya zaure ce da buzu da littafi. Ɗan kasuwar Sabon Gari yana da tasa Zariyar. Kowannensu kifin rijiya ne, ya auna kogi da abin da ya gani.

Dubi Wusasa. Likita Walter Miller na mishan ya zauna a cikin Birni daga 1905, yana da makaranta da ɗakin magani, mabiyansa ba su taka kara sun karya ba, amma zamansu a tsakiyar gari ya tsaya wa mutane a rai har aka mayar da su bayan gari a 1929. Wusasa ba ta taɓa zama babban gari ba. Duk da haka a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, daga makarantarta Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, ya fito, haka ma Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda ya ji waɗannan sunaye daga nesa zai ɗauka wata babbar alƙarya ce. Kusfa ma haka take ta wata fuskar. Unguwa ce da mutum zai ratsa da ƙafa cikin ɗan lokaci, amma saboda almajiran da suka yi karatu a zaurukanta suka koma garuruwansu, sunanta ya je inda mazaunanta ba su taɓa zuwa ba. Suna yana tafiya da ilimi da aiki, adadi kuwa yana zaune a gida.

Nisa tsakanin unguwanni yana da hatsari, domin inda ido bai kai ba jita-jita ce ke kai labari. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a tantance abin da ya faru labarai sun iso Kaduna da Zariya da Funtuwa a kumbure, aka ƙona wuraren ibada da dukiyoyi masu yawa, har da na Wusasa, na mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.

Sannan akwai rabin gari da ido ba ya ƙirgawa ko kaɗan, wato mata. Baƙon da ya zagaya Birni zai ga maza a zaure da masallaci da kasuwa, ba zai ga makarantun cikin gida ba, ba zai ga tsohuwar da ke biya wa matan unguwa karatu ba, ba zai ga hannuwan da suka kwana a gindin murhu domin a ciyar da baƙin taro ba. Tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, akwai tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ƙauyuka. Matafiyan Turawa da suka ƙirga dawakai da rumfunan kasuwa ba su ba da labarin wannan runduna ba.

Ƙidaya da abin da ke bayanta

Mai karatu zai ce, to ai maganin wannan duka ƙidaya ce. Haka ne, sai dai ita ma tana bin abin da mutane ke tsammani daga gare ta. A zamanin Nasara ƙirga mutane na nufin haraji, ƙirga shanu na nufin jangali. Don haka idan malamin haraji ya doso, saurayi yakan koma yaro, garke yakan shige daji. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba Nijeriya mutum miliyan 30 da 'yan kai. Da aka sami mulkin kai, adadi ya koma ma'aunin kujerun majalisa da rabon arziki, sai kowa ya so a ga yawansa. Aka soke ƙidayar 1962 saboda gardama, ta 1963 ta ba da miliyan 55.7, ita ma da ƙyar aka karɓe ta. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da miliyan 88.9 a lokacin da hukumomin duniya ke ƙiyasin an haura miliyan 100. Ta 2006 ta ba da miliyan 140, a cikinta ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum 400,000 da 'yan kai, Sabon Gari kuma ta kusa 300,000. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.

A ƙidayar 1991 da ta 2006 ba a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba, saboda gudun fitina. Ɗarika kuwa babu ƙidayar gwamnati da ta taɓa ƙirga mabiyanta. Abin da ake da shi sai binciken jin ra'ayi, irin wanda cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2012, inda a cikin kowane 100 na Musulmin Nijeriya da aka tambaya, 37 suka ce suna cikin wata ɗarika, 19 daga ciki Tijjaniyya, 9 Ƙadiriyya. A Nijar 47 ne suka amsa haka, a Senegal 92. Wannan ma samfuri ne, ba ƙirga kai-da-kai ba, kuma ya dogara ga abin da aka fahimta da tambayar. Akwai wanda ya karɓi wuridi yana kiyaye shi, akwai wanda ya karɓa ya yi sakaci, akwai masoyi da ba ya fashin maulidi amma bai taɓa karɓa ba, akwai kuma wanda ya gada a gida kawai. Wanne za a ƙirga? Amsar ita ce ke sa adadi ya ninku ko ya ragu.

Kada kuma a ɗauka wannan rauni namu ne mu kaɗai. A 2016 kamfanin bincike na Ipsos ya tambayi mutanen Faransa Musulmi nawa ne a cikin kowane 100 na ƙasarsu. Matsakaicin amsarsu 31 ne, alhali ƙiyasin masana bai wuce 7 da rabi ba. Masu karatun jarida ne, ƙasarsu cike da alƙaluma, amma hijabi ɗaya a titi ya fi mata goma marasa shi tsayawa a ƙwaƙwalwa. Abin da ya sami Nasara a kan zawiyoyinmu shi ne ke samun jikokinsu a kan 'yan'uwanmu, kuma shi ne ke iya samunmu a kan maƙwabtanmu.

Mudun da aka bar mana

Ya kai ɗan'uwa, ba a bar mu babu ma'auni ba. Malaman sira sun ruwaito cewa gab da yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an kama masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa, aka tambaye su yawan rundunar, suka ce suna da yawa, ba su san adadi ba. Sai Manzon Allah (SAW) ya tambaye su raƙuma nawa ake sokewa kullum. Suka ce wata rana tara, wata rana goma. Daga nan ya ƙiyasta mutanen tsakanin 900 da 1,000, haka kuwa aka tarar. Bai tsaya a kan kalmar "yawa" ba, ya nemi abin da ake iya ƙirgawa. Haka kuma ya inganta cewa ya taɓa sa a rubuta masa Musulmi a Madina, aka sami 1,500. Suratul Anfal ta ba da labarin yadda Allah Ya ƙaranta kowane ɓangare a idon ɗayan a ranar Badar, Suratut Tauba kuma ta tuna wa sahabbai ranar Hunaini, a shekara ta 8, lokacin da suka kai 12,000, yawansu ya burge su, bai kuwa amfane su da komai ba a farkon karo. Ashe ido yana ƙarantawa yana kuma yawaitawa, kuma a ranar da aka fi yawa aka fara juya baya.

Wannan hanya a buɗe take ga kowa. Mai salla ɗaya yana buƙatar wuri mai faɗin kamu ɗaya da 'yan kai da tsawon kimanin kamu biyu da rabi. Da wannan lissafi, filin ƙwallo cikakke ba ya ɗaukar masallata fiye da kimanin 10,000. Kafin a tara miliyan guda a sahu, sai an cika irin wannan fili guda 100. Aikin Hajjin 2019, da duk faɗin Arfa da Mina, mahajjata kusan miliyan 2 da rabi ne. Idan mutum ya riƙe wannan a ransa, zai san abin da lungunan Birni za su iya ɗauka. Masu hidimar taro kuwa suna da nasu raƙuman: buhun shinkafa nawa aka dafa, tabarma nawa aka shimfiɗa, mota nawa ta sauka, sahu nawa aka yi, mutum nawa a kowane sahu. Rubuta waɗannan kowace shekara ya fi amfani ga tanadin ruwa da masauki da hanyar fita idan an sami turmutsutsu, kuma zai bar wa na baya tarihin da za su dogara da shi. Taron mutum dubu ashirin da aka faɗi gaskiyar adadinsa bai ragu da komai ba a wurin Allah.

Kammalawa

Abin da muka gani a wannan tarihi shi ne, baƙo ya auna gari da ganuwarsa, mai mulki ya auna jama'a da tsoronsa, mai ƙauna ya auna ta da ranar taronta, kowa kuma ya manta da waɗanda ke bayan katanga. Saboda haka idan ka ɗaga kai yau ka ga fararen riguna iyakar ganinka, ka gode wa Allah, ka kuma tuna cewa da yawansu baƙi ne da za su koma gobe, kuma a bayan waɗannan gidaje akwai maƙwabta da ba su fito ba, suna da haƙƙin hanya da haƙƙin barci a kanmu. Idan kuma wata rana taron wasu ya tare maka hanya, kada ƙirjinka ya yi ƙunci ka ce an cinye gari, domin su ma ranarsu ce, jibi titi zai koma yadda yake. Malaman da suka sa aka san Kusfa da Kona da sauran unguwannin ilimi na birnin nan sun yi shekaru suna karantar da mutum biyar ko goma a zaure, ba su tsaya ƙirga kawuna ba, ga shi har yau ana cin moriyarsu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da baƙinmu gidajensu cikin aminci. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, amin.